Sabulun da Na Dafa a Shekarar Fari

Kun dawo kuna ta murna, wai an koya muku haɗa sabulu a kwana uku har an ba ku takarda. To, Allah ya sa albarka. Amma da na ji ɗayarku tana cewa sabulun salo ai ba wani aiki ba ne, toka ce da mai kawai, sai na ga gara ku zauna in faɗa muku yadda muka yi shi, tun ina da bakin faɗa.

A Yako aka haife ni. Ina da shekara tara aka ba Gwaggo Tabawa riƙona, yayar babana ce, tana zaune a wani ƙauye kusa da Tudun Wada. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta kuma da ɗa a raye. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ana kashe kwabo mai huji, kuma in ka ce sabulu a ƙauyukan nan to na salo kake nufi. Na kanti sai a gidan wanda ya je birni. Duk yankin, in mace ta ce ta sayo na Tabawa, ba a ƙara tambayarta komai.

Aikin farko da ta ba ni shi ne toka, kuma shekara biyu na yi ban wuce shi ba. Ba tokar murhu ake yi da ita ba, wannan ta goge tukunya ce. Bayan an yi girbi za mu bi gonaki mu tara karan dawa da karan riɗi, na riɗin ya fi ƙarfi. A share wuri fes, kada ƙasa ta shiga, a ƙona kaɗan-kaɗan da safe kafin iska ta tashi. Ranar da na fara, na tula karan duka na cinna wuta don in gama da wuri. Saman ya zama toka, ƙasan ya zama gawayi. Gwaggo ta zo ta sa hannu ta ɗebo, ta murza, ta nuna mini baƙin da ke tafinta. Ta ce, "Hansai, wannan ki kai wa maƙeri, shi ne mai son gawayi." Kwana huɗu na yi ina sake tara wani karan ni kaɗai.

Daga toka sai ɗiga. Akwai wata tsohuwar tukunya da aka huda gindinta, a shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa a ciki, a cika da toka a danna, a ɗora ta a kan wata tukunyar. Sai a dinga zuba ruwa da ludayi, ba a kwarara shi. Ruwan zai bi ta cikin tokar yana ɗiga ɗaya-ɗaya, ja kamar ruwan jiƙon kanwa, wuni guda kafin ka samu abin kirki. Shi za a ɗora a wuta ya yi ta tafasa har ya ƙone ya koma rabi. Gwaggo takan tsoma gashin kaza a ciki. In ta fito da shi ta ja da yatsa ya saɓule, to ruwan ya yi. Wannan ruwa ba abin wasa ba ne. Ku dubi bayan hannuna, waɗannan fararen ɗigon duk shi ne. Tukunyar ƙarfe ma ba a dafa shi a ciki, cinye ta yake yi, sai ta ƙasa, mai kauri, wadda ba a taɓa girki da ita ba.

Man kaɗe kuwa shi ne wahalar da ta fi kowace. Da farkon damina muke shiga daji tsintar 'ya'yan kaɗanya. A dafa, a shanya, a fasa, a soya, a daka, a niƙa a dutse, sannan a zauna a yi ta bugu da hannu a cikin ruwa har man ya taso fari a sama. Ranar bugun mai, da yamma ba ka iya ɗaga hannunka ka kai lomar tuwo.

Ranar dahuwa Gwaggo ba ta son surutu. Tukunyarta ƙoƙo huɗu na mai take ci, ba ragi ba ƙari. Ruwan tokar yana tafasa, tana zuba man kaɗan-kaɗan, tana juyawa da wata doguwar muciya da ruwan toka ya cinye bakinta har ya yi fari. Kumfa za ta taso kamar za ta zube, a janye itace, ta kwanta, a mayar. Haka tun hantsi har la'asar, hayaƙi yana shiga ido. In ya fara haɗe jikinsa yana barin gefen tukunya, sai ta ɗebo kaɗan a tsingaro, ya huce, ta taɓa a ƙarshen harshenta. In ya ciji harshe, mai bai ishe shi ba, a ƙara. In ya yi lami yana maiƙo, toka ce ta gaza. In ya yi daidai, sai a sauke, a shafa mai a hannu a cura shi, a naɗe a ganyen kalgo, a ajiye ya kwana bakwai. Ko bayan kwana bakwan ba ya fita gidan sai ta yi wanka da shi ita da kanta.

Masu sayenmu iri-iri ne. Akwai matan gari, waɗanda yawancinsu da hatsi suke musaya. Akwai fatake masu jakuna da ke ɗauka da yawa su kai Riruwai, inda masu haƙar kuza suke wuni a cikin laka. Ba sabulu kaɗai muke yi ba. In za a kai amarya, akan kawo wa Gwaggo tasoshin uwarta da suka yi baƙi, ta jiƙa tsamiya ta haɗa da toka mai laushi, mu zauna mu goge har sai ka ga fuskarka a ciki. Mai baƙar riga ta rini kuwa ba ta sayar masa da sabulu ko ya roƙa, sai ta ba shi ɓawon aduwa ta ce ya daka ya jiƙa, yana kumfa kuma ba ya cin shuni.

Cikin masu zuwa akwai wata Bafillatana, Daso, rugarsu tana bayan rafi, tafiyar da ba ta kai rabin wuni ba. Tun tana budurwa take zuwa tallan nono, ta kawo wa Gwaggo man shanu ta karɓi sabulu. Uwarta ma haka ta yi. Ba ta taɓa buɗe ganyen ta duba ba, ɗauka take ta jefa a ƙwarya. Takan ce, "Inna, naki ai ko ido rufe."

Na yi aure a nan ƙauyen, na haifi 'yar fari, babbar gwaggonku, ban kuma daina zuwa wurin tukunya ba. A shekara ta bakwai da zuwana Gwaggo ta fara barina in riƙe muciya tana zaune tana kallo, don idonta ya fara hazo saboda hayaƙi.

Sai shekarar fari ta zo. Tun farkon damina muka ga alama, don mun shiga daji kaɗanya ba ta yi 'ya'ya ba, ka wuni ba ka cika ƙwarya ba. Ruwa kuma ya ɗauke daidai lokacin da dawa take ɗaukar ciki. Da kaka abin da aka girba bai rufe gindin rumbu ba. Gyaɗa ma ba ta yi ba, balle a ce a koma man gyaɗa. Maza suka watse neman abinci. Kakanku ya tafi Riruwai haƙar kuza, ya ce zai dinga aiko da abin da ya samu, ni kuma na ɗauki yarinya na koma gidan Gwaggo. Ya aiko sau biyu, daga nan muka ji zazzaɓi ya kwantar da shi a can.

Toka muna da ita, randa guda cike, ragowar bara. Mai ne babu. Abin da ya rage mana ƙoƙo ɗaya da rabi ne, Gwaggo ta rufe shi ta ce na miya ne da shafa wa yarinya. Ta kife tukunyar sabulu a bayan ɗaki. Mata suna zuwa suna tambaya, tana cewa sai Allah ya kawo kaɗanya. Na ce mata, "Gwaggo, ko mu dafa da ɗan wanda muke da shi?" Ta ce, "Abin da zai fito curi nawa ne? Ki bar shi." Da bazara ta yi nisa muka koma cin tafasa da rama, sai ɗan tsaki in an samu. Yarinyar nan ba a daɗe da yaye ta ba, ta rame har kana ƙirga haƙarƙarinta.

Ana cikin haka aka aiko daga Bebeji cewa ƙanwar mijin Gwaggo ta rasu. Ta bi wasu mutanen gari suka tafi gaisuwa a ƙafa, ta ce mini sai bayan addu'ar bakwai za ta dawo.

Washegarin tafiyarta na tayar da tukunyar. Na ɗiga ruwan toka cikakke, na tukunya guda, kamar yadda muke yi a shekarar arziki. Na zuba masa ƙoƙo ɗaya da rabin nan. Na san lissafin bai yi ba, ni da na shekara bakwai ina gani. Ya ƙi haɗuwa, na ƙara wuta. Ya ƙi, na tankaɗe toka na zuba don ya yi jiki. Wajen la'asar ya haɗe, baƙi, a ido kamar na kullum. Na ɗebo a tsingaro na taɓa a harshe. Kamar an ɗora mini garwashi. Na tofar, na kurkure baki, na ce a raina in ya kwana biyu zai yi sanyi. Na cura, tafin hannuna yana raɗaɗi, na naɗe a ganyen kalgo irin naɗin Gwaggo.

Kwana uku na bar shi, ba bakwai ba, ban kuma yi wanka da shi ba. Labari ya bazu cewa an dafa sabulu a gidan Tabawa. Mata suka zo, mai ɗan gero, mai ɗan wake. Ina ba su ina cewa, "Wannan na wanki ne, ya ɗan yi ƙarfi." A ranar muka ci tuwo, yarinya ta ci har ta yi barci da loma a hannu.

Rana ta huɗu Daso ta yi sallama, da goyon ɗa namiji, ɗan wata huɗu. Ta sauke ƙwarya, ga ɗan nono a ƙasanta, ga man shanu bai fi ƙwan kaza ba. Ta ce, "Shanu sun ƙafe, Hansai, wannan ma da ƙyar na tara. Ina Inna?" Na ce ta tafi Bebeji. Ta ce, "To ba ni biyu. Tun da na gama wankan jego ban samu na kirki ba, yaron nan duk ƙuraje sun fito masa saboda zafi." Na ji abin da ta ce sarai. Yarinyata ta riga ta kama bakin ƙwaryar tana leƙa nonon. Na shiga ɗaki na ɗauko biyu na miƙa mata. Maganar da na faɗa wa kowace mace, ita ban faɗa mata ba. Ta jefa a ƙwarya ba ta buɗe ba, ta ce in gaida Inna.

Gwaggo ta dawo bayan kwana biyu, da hantsi, don sun kwana a hanya. Tun daga ƙofa ta ji ƙaurin. Ba ta sauke kayan kanta ba ta ce, "Wa ya dafa sabulu?" Na ce ni ce. Ta ce in kawo. Ta ɓare ganyen ta taɓa a harshe, ta tofar. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Wa da wa kika ba?" Na fara lissafa mata matan gari, ina cewa na gaya musu na wanki ne. Da na zo kan Daso sai na faɗi sunanta kawai. Ta ce, "Ita ma kin gaya mata?" Na ce a'a.

A nan ta ajiye kayan a tsakar gida, ko ruwa ba ta sha ba, ta juya. Na bar yarinya wurin maƙwabta na bi ta. Tsohuwar da ta kwana biyu tana tafiya, amma sai da na dinga haɗawa da gudu kafin in cim mata.

Tun kafin mu haye rafi muka jiyo kukan, irin na yaron da muryarsa ta dushe. Daso tana zaune a ƙofar bukka da shi a cinya. Wuyansa da hammatarsa da matse-matsinsa duk sun saɓule sun yi ja, an shafa musu man shanu. Idonsa na hagu ya kumbura ya rufe. Jiya da safe ta yi masa wanka, kumfar ta gangaro daga kansa ta shiga idon. Ta ce ta ɗauka kukan wanka ne irin na yara, sai da ta ji nata hannun yana zafi.

Mijinta ya taso da sanda a kafaɗa. Ya ce, "Tsohuwa, shekara nawa muna cin kasuwa da ke? Me yaron nan ya yi miki? Wallahi sai na kai ki gaban dagaci." Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta damƙe hannuna har farcenta ya shige. Ta ce, "Ka kai ni, Malam, kana da gaskiya. Tukunyata ce, sabuluna ne. Na tsufa, ido ya tafi, ban auna daidai ba. Amma yanzu a kawo ruwa mai kyau tukuna." Ta karɓi yaron ta kwantar da shi a ƙafafunta, ta buɗe idon da yatsu biyu, ta sa ni ina tsiyaya ruwa da ludayi. Mun ƙarar da tulu biyu. Daso kuwa kallona kawai ta yi sau ɗaya.

Washegari suka kai shi asibitin sha-ka-tafi, Gwaggo ta raka su. Aka ba su magani na ɗigawa da na shafawa. Fatar ta warke a hankali. Idon kuwa da kumburin ya sace ya buɗe, fari ne fat, bai ƙara gani da shi ba. Dattawan ruga suka hana mijin kai ƙara, suka ce ƙaddara ce.

A hanyarmu ta dawowa ranar farko na ce, "Gwaggo, don me kika ce ke ce?" Ta ce, "Ni na gama cin kasuwata. Ke kina da 'ya, mijinki yana kwance a wani gari, kuma ba ki da wata sana'a sai wannan. In suna zai ɓaci, gara nawa. Amma ni na san wadda ta yi, ke kin sani, Allah ya sani. Ki riƙe wannan, ya ishe ki."

Da ta dawo daga asibiti ta ɗauki kwando ta bi gida-gida tana karɓar sabulun. Kowace mace sai ta ce mata, "Ki yafe ni, kuskure na yi." Hatsin da aka ba ni mun riga mun ci rabi, sai ta fitar da tasoshinta biyu na aure ta ba wani bafatake ya ba ta gero, ta mayar wa kowa nasa. Sabulun kuma ta sa na haƙa rami a bayan gari, nesa da rijiya, na binne.

Maganar ta zaga har kasuwar Tudun Wada. Aka ce Tabawa ta rikice, sabulunta ya makantar da ɗan Fulani. Matan da ta yi wa wankan jego da hannunta suka dinga janye 'ya'yansu in ta wuce. Ba ta taɓa gyara maganar ba, ni ma ta hana ni. Ba ta ƙara taɓa muciya ba. Ruwa ya sauka, kaɗanya ta yi 'ya'ya kamar ba a taɓa fari ba, ina tsintowa ina kawowa tana zaune a inuwa tana fasa mini. Cikin marka tari ya kama ta, jikin da ya sha yunwa bai iya ɗauka ba. Kwana tara ta yi a kwance. Da za a yi mata wanka aka nemi sabulu a gidan aka rasa, sai wata maƙwabciya ta kawo guntun na kanti da ɗanta ya aiko mata, aka haɗa da ganyen magarya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kakanku ya dawo da ƙafarsa, ya yi noma. Bayan girbi na ƙona kara, na ɗiga ruwa, na dafa tukunya guda da mai ƙoƙo huɗu cif. Ya kwana bakwai, na yi wanka da shi kwana uku a jere. Sannan na ɗauki curi biyar na nufi ruga.

Na tarar da Daso tana kaɗa nono. Yaron yana tatata a gefenta, ya yi ɓulɓul, in zai dube ka sai ya juyo da kansa gaba ɗaya. Muka gaisa. Ta ce ta ji rasuwar Inna, ta yi mini gaisuwa, ta ce damina ce ta hana ta haye rafi. Na ajiye sabulun a gabanta. Na ce, "Daso, na zo in faɗa miki wata magana. Wancan sabulun ba Gwaggo ce ta dafa ba. Ni ce. Kuma na san ya yi ƙarfi lokacin da na ba ki."

Ba ta daina kaɗa nonon ba. Ta ce, "Na sani. Ke da bakinki kika ce mini ta tafi Bebeji."

Na ce, "To don me ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Tsohuwa ta tsaya a gaban mijina ta ce ita ce. Ni ce zan ƙaryata ta?"

Na ce ta yafe ni. Ta kalli yaron. Ta ce, "Nawa na yafe. Nasa kuwa, in ya girma ki zo ki tambaye shi."

Sai ta ɗauki curi ɗaya, ta warware ganyen a hankali, ta juya shi, ta shinshina. Ta ce, "Ya yi kyau. Zan wanke zannuwa da shi." Ta tura mini sauran huɗun.

Kafin wata kakar sun tashi sun yi kudu da shanunsu. Na shekara arba'in da wani abu ina dafa sabulu bayan nan, duk Bafillatanin da ya zo saye sai na tambaye shi ko ya san wani mai ido ɗaya, ɗan Daso. Har na ajiye muciya ban samu wanda ya san inda yake ba.